Yadda Silverchair suka rage rugugin jita suka ba goge da fiyano wuri

A watan Maris na 1995 wasu yara uku 'yan shekara 15 daga garin Niyukasil, a gaɓar gabashin Ostareliya, waɗanda suka kafa ƙungiyar Silverchair, suka fitar da kundin waƙoƙi mai suna Frogstomp, wanda suka ɗauka cikin kwana tara kacal. Daniel Johns ne ke waƙa yana kaɗa jita, Chris Joannou na riƙe da jitar bes, Ben Gillies kuma na kan ganguna. Kayan kiɗan ke nan, babu ƙari. Kundin ya hau mataki na ɗaya a ƙasarsu, ya shiga goman farko a Amurka, kuma a can kaɗai an sayar da fiye da kwafi miliyan 2. Shekara bakwai bayan haka, a Maris na 2002, waɗannan mutum ukun dai suka fitar da Diorama, kundin da ke buɗewa da siririyar murya, sannan taron goge da ƙahoni da sarewa su kwararo a kanta. Wanda ya saurari kundayen biyu a jere sai ya rantse ba ƙungiya ɗaya ba ce.

Masu sharhi sukan taƙaita zancen su ce Silverchair sun yi laushi, sun ɗauko goge. Wannan bayani ya tsallake wurin da aikin yake. Ba a ɗora okestira, wato babban taron makaɗan goge da ƙaho da sarewa, a kan waƙar giranji, salon rok mai kaushin jita, kamar yadda ake ɗora hula a ka. Kiɗan nan biyu filinsu ɗaya a kunnen mai sauraro, kuma ɗaya ba ya shiga sai ɗayan ya matsa. Kafin goge ya samu wurin zama sai an sake ginin waƙar tun daga tushe, wato tun daga abin da aka rubuta ta a kai.

Sai a fara da jitar kanta. Giranji, kalmar da asalinta ke nufin dauɗa, salon rok ne da ya taso a birnin Siyatil na Amurka a ƙarshen shekarun 1980, ya mamaye duniya bayan kundin Nevermind na ƙungiyar Nirvana ya fito a 1991. Ƙashin bayansa jita ce da aka tura sautinta cikin amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, fiye da abin da za ta iya ɗauka, har saman igiyar sautin ya gutsure. Wannan gutsurewar ce ke haifar da kaushin nan da ake ji kamar ana yaga tsumma. Tana da wata ɗabi'a da ke iyakance duk abin da makaɗi zai iya yi: idan amo biyu suka shiga na'urar tare, ba su kaɗai suke fitowa ba, sai ta ƙirƙiro wasu sababbi daga jimillarsu da kuma bambancinsu.

Lissafin ba shi da wuya. A ce tsirkiya ɗaya tana girgiza sau 100 a daƙiƙa, wata kuma sau 150, wato amo na ɗaya da na biyar a tsanin kiɗa. Bambancinsu 50 ne, rabin na farkon cif, don haka sabon amon da ya fito ɗan gida ne, ƙara wa sautin kauri yake yi daga ƙasa. Shi ya sa 'yan giranji da 'yan rok mai nauyi suka dogara da damin amo, wato amon da ake kaɗawa tare a lokaci ɗaya, mai ƙwaya biyu kawai. To a ƙara amo na uku a tsakiya, wanda a saitin jita yake faɗawa wajen 126. Yanzu akwai bambanci biyu, 26 da 24, suna gogar juna suna rawa, kuma idan aka ƙara amo na bakwai ko na tara sai tarkacen ya ninka. Kunne ba ya jin dami kuma, laka yake ji. Amma wannan amo na uku shi ne ke faɗa wa mai sauraro ko damin na farin ciki ne ko na baƙin ciki, na bakwai da na tara kuma su ne ke kawo ɗoki da shakka da jiran abin da zai biyo. Giranji ya sayar da waɗannan duka ya sayi ƙarfi. Abin da ya rage masa na nuna motsin rai shi ne murya, da kuma tsalle daga baiti mai sanyi zuwa amshi mai ruguntsumi. Dabara ce mai tasiri ƙwarai, sai dai ƙofa ɗaya gare ta, kuma mawaƙin da ya bi ta sau talatin yakan fara jin ɗakin ya yi masa kaɗan.

Matsala ta biyu ita ce fili. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza sau 82 a daƙiƙa. Idan aka sassauta ta zuwa amon D, kamar yadda ƙungiyar Soundgarden ta Siyatil da Silverchair na farko suka saba, sai ta sauka zuwa 73. Daga nan jita mai kaushi tana cike komai har wajen 5,000, inda lasifikar amfilifaya ke fara gazawa. Yanzu a duba dangin goge na okestira: celo yana farawa daga 65, biyola daga 131, bayolin daga 196. Dukkansu cikin gonar jitar suke. Da zarar jita biyu masu kaushi sun buɗe, celo da biyola sun nutse, sai kan bayolin kawai ke leƙowa daga sama kamar fito. Duk wanda ya taɓa jin waƙar rok da aka ce akwai makaɗa talatin a cikinta amma bai ji komai ba sai wani siririn zare a sama, to wannan ne dalili. An biya kuɗin mutum talatin, an ji na biyar.

Akwai ta uku. Kaushin jita yana daidaita ƙarfin sauti, ko a taɓa tsirkiya a hankali ko a doke ta, kusan abu ɗaya ke fitowa. Okestira kuwa da numfashi take rayuwa, ta taso daga raɗa ta kumbura ta koma. Idan aka aza ta kusa da bangon sautin jita da ba ya motsi, kumburin nan ba ya nuna.

Tun da wuri 'yan Siyatil sun ɗanɗana goge. Akwai celo a waƙar ƙarshe ta Nevermind, kuma lokacin da Nirvana suka yi wasansu na MTV Unplugged, shirin talabijin da ake kiɗa ba da rugugin jitar lantarki ba, a Nuwamba 1993, Lori Goldston ta zauna tare da su da celonta. Alice in Chains sun sa goge a ƙaramin kundinsu Jar of Flies na 1994. Sai dai a duk waɗannan an kashe kaushin jitar ne tukuna, sannan goge ya ja dogon amo a ƙarƙashin waƙar da tuni ta tsaya da ƙafafunta. Baƙo ne da aka ba tabarma a zaure. A cire shi, waƙar tana nan.

Silverchair ma daga nan suka fara. A Freak Show na 1997, wanda Nick Launay ya yi furodusa, sun sa goge a waƙar “Cemetery”, sun sa kayan kiɗan Indiya a wata, amma sauran kundin rugugi ne zalla. Matakin gaske ya zo a Neon Ballroom na 1999. Waƙar da ta buɗe shi, “Emotion Sickness”, ta kai minti shida, kuma David Helfgott, makaɗin fiyano na gargajiyar Turai, shi ya kaɗa a cikinta tare da taron goge. A lokacin Johns yana fama da ciwon ƙin cin abinci da matsananciyar damuwa, abin da ya fito ya faɗa a bainar jama'a, kuma kiɗan ya nuna haka: fiyano da goge ba lallashi suke yi ba, kokawa suke da jitar. Wannan waƙa ta tabbatar da cewa okestira za ta iya ɗaukar nauyin da kaushi ke ɗauka. Amma har yanzu ƙashin yawancin waƙoƙin na jita ne.

A Diorama ne ƙashin ya canza. Johns ya koya wa kansa fiyano, kuma a kansa ya rubuta yawancin kundin. Ya kamata a fayyace, domin a wajenmu kalmar fiyano ta fi nufin na lantarki: nan ana maganar na katako ne mai madannai 88, wanda guduma ke dukan tsirkiya a cikinsa. Wannan sauyin kayan aiki ya fi ɗauko makaɗa hamsin muhimmanci. Mai jita da siffar yatsu yake tunani. Ya kama siffa ɗaya, ya zame ta sama ko ƙasa a wuyan jitar, dukkan amon su tafi tare kamar sojoji a fareti. Mai fiyano kuwa yatsu goma ne gare shi, kowane da hanyarsa. Zai iya riƙe amo uku ya motsa ɗaya kawai da rabin mataki, damin ya rikiɗe ya zama wani abu dabam. Zai iya sa hannun hagu ya sauka yayin da na dama ke hawa. Zai iya fita daga gidan waƙar, wato amon da take komawa ta huta a kansa, ya shiga wani gida ta ƙofar baya ba tare da mai sauraro ya ji an yi tsalle ba. Okestira ma haka take tunani, layi-layi, domin kowane bayolin ko ƙaho amo ɗaya yake fitarwa a mafi yawan lokaci. Waƙar da aka haifa a kan fiyano ta riga ta zo da layukan da za a raba wa makaɗa. Wadda aka haifa a kan dami mai ƙwaya biyu ba ta da abin rabawa, sai mai tsara kiɗa ya ƙirƙiro abin da babu, kuma yawanci hakan na fitowa kamar ado da aka liƙa.

Har ma Johns ya fara ɗaukar wasu waƙoƙi takwas ya goge su, saboda ya ga sun yi kama da na kundin baya. Sannan aka kira David Bottrill, wanda ya yi aiki da Peter Gabriel da Tool, ya yi furodusa tare da shi a situdiyon 301 da ke Sidni. Mai tsara kiɗan da aka ɗauko daga Amurka shi ne Van Dyke Parks, wanda ya yi aiki da Brian Wilson na Beach Boys a shekarun 1960. Waƙoƙi uku ya tsara wa okestira: “Across the Night”, “Tuna in the Brine” da “Luv Your Life”. Zaɓen Parks ya nuna sun san abin da suke nema. Masu tsara kiɗa iri biyu ne. Akwai mai shimfiɗa, wanda zai ba goge dogayen amo su bi damin waƙa kamar darduma. Akwai kuma mai saƙa, wanda zai ba kowane sashe nasa zancen: bayolin su amsa wa mawaƙi a inda ya ja numfashi, celo ya bi wata hanya kishiyar muryar, sarewa ta gilma ta ɓace, ƙahoni su riƙe tsakiya. Parks masaƙi ne. A “Across the Night” idan aka cire okestira, rabin waƙar ya tafi, domin ita ke kai mai sauraro daga wani gida zuwa wani, ita ke yin abin da a da tsallen jita ke yi. A nan baƙon ya zama mai gida.

Yanzu ga yadda ake aikin a situdiyo, da wuraren da yake ɓaci.

Abu na farko da ake yankewa shi ne gida da saiti, kuma dole a yanke shi kafin a ɗauki ganga ko ɗaya. Tsirkiyoyin bayolin a sake su ne G, D, A, E. Na biyola da celo kuma C, G, D, A. Waƙar da ke gidan D ko G ko A tana sa jikin gogen ya amsa, tsirkiyoyin da ba a taɓa ba ma suna rawa tare, sautin ya yi haske. Amma ƙungiyoyin giranji da yawa, irin su Nirvana da Alice in Chains, sukan sassauta dukkan tsirkiyoyin jita da rabin mataki don sauƙaƙa wa mawaƙi da ƙara duhu. Abin da mai jita ke kira D sai ya zama D-filat a kunnen mai goge, gidan da kusan babu tsirkiya sake a cikinsa. Ƙwararru za su kaɗa, amma sautin zai dushe, daidaiton amo kuma zai fi wuya. Wani lokaci duhun nan ake so. Matsalar ita ce a gano shi ranar da makaɗa suka riga suka zauna. Haka nan a tabbatar da ma'aunin amon A. Jita da na'urorin situdiyo kan girgiza 440 a daƙiƙa suke, okestirori da yawa na Turai kuwa sun saba da 442 ko 443. Bambancin 2 kawai yana sa sauti ya riƙa kaɗawa sau biyu a daƙiƙa a duk inda aka ja dogon amo tare. Ana rubuta adadin a saman takarda, a kuma saita fiyano a kansa.

Na biyu shi ne lokaci. Ƙungiyar mutum uku da suka tashi tare ba sa buƙatar agogo, suna gudu a amshi su ja baya a baiti, kuma wannan numfashin yana cikin daɗinsu. Mutum talatin da za su zo bayan wata guda su kaɗa a kan abin da aka ɗauka ba za su iya karanta zuciyar mai ganga ba. Don haka ake ɗaukar ganguna a kan ƙyas-ƙyas na awon lokaci, ko kuma a bar mai ganga ya kaɗa yadda ya so, sannan injiniya ya bi bugunsa ɗaya-ɗaya ya zana taswirar saurin a kwamfuta, ya fitar da ƙyas-ƙyas mai bin ta. Hanya ta biyu ta fi cin lokaci amma ita ke barin waƙar da ranta. Ko da an yi haka, goge yakan ji kamar ya makara, domin amon da baka ke ja ba ya fashewa nan take kamar na sandar ganga, buɗewa yake a hankali. Gogaggun makaɗan situdiyo sukan ɗan riga bugun, in ba haka ba injiniya ya jawo sautinsu gaba da 'yan milisakan. Sai wata ƙaramar masifa da ke lalata ɗauka mai kyau: ƙyas-ƙyas ɗin yana zubowa daga abin sauraron kunnen makaɗa ya shiga makirfo, musamman a ƙarshen waƙa inda komai ya yi shiru. Maganinta a rage ƙarfinsa a wuraren sanyi, a kashe shi gaba ɗaya a kan amon ƙarshe.

Na uku, yawan mutane. Cikakkiyar okestira tana da masu goge wajen 60: bayolin na ɗaya 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, dabul-bes 8. Ga waƙar rok, rukunin 24 yakan wadatar, misali 8, 6, 4, 4, 2. Abin da ake gudu shi ne bayolin biyu a layi ɗaya. Ɗaya shi kaɗai yana da kyau, uku zuwa sama suna narkewa su zama abu ɗaya, amma biyu duk ɗan saɓanin da ke tsakaninsu a fili yake. Masu ƙaramin kasafi sukan ɗauko mutum huɗu su maimaita ɗauka sau biyar ko shida don a ji kamar taro. Yana aiki zuwa wani mataki, amma tunda hannu ɗaya ne da goge ɗaya da karkarwar yatsa iri ɗaya, sautin yakan daskare ya koma kamar na na'ura. Ana rage wannan ta hanyar sauya wa makaɗa kujeru a kowace ɗauka, a matsar da makirfo, wani ya canza goge in yana da na biyu.

Na huɗu, takarda, kuma a nan kuɗi ya fi ƙonewa. Zaman makaɗan okestira awa uku ne a al'ada, da hutu a ciki, kuma ƙa'idojin ƙungiyoyinsu a Amurka da Ingila sun iyakance kiɗan da za a fitar daga zama ɗaya zuwa minti 15 ko 20. Ba sa koyon waƙa da kunne kamar 'yan rok, abin da ke kan takarda shi za su kaɗa daga kallon farko. Kuskure ɗaya na mai kwafe takardu yana tsayar da mutum talatin ana biyansu suna jira. Kurakuran kuma sanannu ne. Ƙahon Faransa amon da yake fitarwa yana ƙasa da wanda aka rubuta masa da mataki huɗu na tsanin kiɗa, wato tazarar amo na ɗaya da na biyar, kilarinet na B-filat, wani abin busa, kuma da mataki ɗaya, to in aka manta aka ba su takardar da ba a juya ba, sai a ji ɓarna. Biyola tana da nata salon rubutun dabam. Sannan wanda ya gwada tsarinsa a fiyanon lantarki yakan manta cewa na'ura ba ta numfashi kuma ba ta da iyaka: zai rubuta wa mai sarewa layin daƙiƙa arba'in babu wurin shan iska, ko ya ba bayolin amon da ke ƙasa da tsirkiyarsa ta G, wanda babu shi a jikin gogen sam.

Ana ɗaukar okestira dabam da ganguna, a babban ɗaki, da manyan makirfo biyu ko uku a sama da kan madugun okestira kamar mita uku, sannan ƙanana kusa da kowane sashe. Sauti yana cin milisakan uku a kowace mita, don haka abin da makirfon kusa ya ji yana riga na nesa isowa, kuma in aka haɗa su ba a daidaita ba sai sautin ya yi rami a ciki.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan 'yan ƙungiyar ba su saki wani abu ba, kuma nan ne ake samun rigima. Mai ganga na giranji ya saba dukan faifan ƙarfe ba ƙaƙƙautawa a duk amshi. Shuuu ɗin nan yana zaune daidai inda ƙyallin bayolin yake, don haka dole ya koma kan ƙananan faifai a rufe da manyan ganguna, ya ajiye babban dukan sai inda ake buƙatarsa. Mai bes da masu dabul-bes duka daga 41 suke farawa. In suka bi layi ɗaya, ɗan bambancin saiti tsakaninsu yana sa ƙasan waƙar ya yi ta lilo, saboda haka ake zaɓar ɗaya ya riƙe ƙasa, ɗayan ya hau ko ya yi shiru. Mai jita shi ya fi asara: a rage masa kaushi, a yanke masa ƙasan sauti, a tura shi gefen dama da hagu a bar tsakiya, wani wurin ma a ce ya kaɗa amo ɗaya-ɗaya maimakon dami, ko ya ajiye jitar har amshi na biyu. A wajen haɗa sauti kuma ba a dogara da na'urar matse sauti ba, da hannu ake bin kowane sashe, a ɗaga celo inda yake da magana a sauke shi inda ba shi da ita. Abin takaici, shekarun da Diorama ya fito su ne lokacin da kamfanoni ke gasar fitar da faifai mafi ƙara, ana matse komai har raɗa da ihu su zama tsayi ɗaya, kuma babu abin da wannan ke cutarwa kamar kiɗan okestira.

Murya ma sai ta sake hali. Gurnanin maƙogwaro da Johns ya yi suna da shi yana yaro, har ake cewa yana kwaikwayon manyan Siyatil, an yi shi ne don ya huda bangon jita. A gaban goge ba a buƙatar hudawa, kuma duk ɗan kaucewa daga amo a fili yake, domin babu kaushin da zai rufa asiri. A Diorama ya koma tsabtatacciyar murya, yana hawa can sama da siririyarta, yana jera muryoyinsa da yawa a kan juna. Wannan ya fi ihu wuya nesa ba kusa ba.

Kundin bai tsira daga aibi ba. Waƙoƙi masu nauyi irin “One Way Mule” da “The Lever” suna zaune a tsakanin na okestira kamar an bar su ne don kada tsofaffin masoya su yi fushi, kuma suna katse tafiyar. Wasu wuraren kuma saƙar ta yi yawa har muryar na neman wurin tsayawa. Amma a waƙoƙin da abin ya zauna, nauyin da ake ji bai gaza na 1995 ba, wurin da yake fitowa ne ya canza.

Kasuwa ta raba hukuncinta biyu. A Ostareliya Diorama ya shiga a mataki na ɗaya, ya kuma ci lambobin yabo na masana'antar kiɗan ƙasar, wato ARIA, na 2002, ciki har da na kundin rok mafi kyau da na ƙungiya mafi kyau. A Amurka kuwa gangarowar a bayyane take: Frogstomp ya kai na 9, Freak Show na 12, Neon Ballroom na 50, Diorama ya tsaya a na 91. Gidajen rediyon rok na can a lokacin kiɗa mai nauyi suke so, kuma waƙar da ke sauya gida sau da yawa ba ta da gurbi a jadawalinsu. Ga shi kuma Johns ya kamu da ciwon kumburin gaɓoɓi mai tsanani a daidai lokacin, har riƙe jita ya gagare shi, aka soke yawon tallata kundin.

Da ya samu sauƙi suka fita yawo a 2003, sai tambayar dandamali ta taso, wadda duk ƙungiyar da ta bi wannan hanya take cin karo da ita. Ganguna da amfilifaya a kan dandamali suna haura desibel 100 a ma'aunin ƙarar sauti cikin sauƙi. Makirfon da aka buɗe don ya ji bayolin zai ji ganga fiye da bayolin ɗin, in aka ƙara masa ƙarfi kuma sai lasifika ta yi kuka. Mai son okestira ta gaske sai ya maƙala wa kowane goge ƙaramin makirfo a jiki, ya kewaye ganguna da bangon roba mai haske, ya mayar da amfilifaya bayan fage, kowa ya sa abin sauraro a kunne, sannan ya biya kuɗin jirgi da masaukin mutum talatin a kowane gari. Mai gudun wannan sai ya kunna okestirar da aka riga aka ɗauka, amma daga nan mai ganga ya zama bawan ƙyas-ƙyas, ba a iya tsawaita amshi ko da jama'a sun ɗauka. Silverchair sun bi hanya ta uku: suka tafi da masu fiyanon lantarki biyu, ciki har da Julian Hamilton, suna kaɗa layukan goge da ƙaho da hannu, suka kuma raba wasan gida biyu, kashin farko na waƙoƙi masu sanyi da tsari, na biyu na rugugi. An ɗauki wasan da suka yi a garinsu Niyukasil aka fitar da shi a faifai a wannan shekarar, da kashin biyu kowane a faifansa.

Sun sake kiran Parks a kundinsu na biyar, Young Modern na 2007, inda aka ɗauki okestirar a birnin Prag na Jamhuriyar Cek. Shi ma ya shiga a mataki na ɗaya a Ostareliya, kamar huɗun da suka gabace shi. A watan Mayu na 2011 ƙungiyar ta sanar da cewa ta dakatar da aiki har sai abin da hali ya yi, kuma ba su sake fitar da kundi tare ba.